Yaron Da Ba Ya Amsa Kira

  

Yau labari na zo muku da shi. Tun kafin in fara, bari in faɗa muku gaskiya, labarin ƙagagge ne, mutanen cikinsa ba wasu ba ne da za a je a nuna gidansu. Amma larurar da ke cikinsa gaskiya ce, kuma na san a cikin masu saurarena akwai wadda za ta ce, wannan ai ɗana ake faɗa. In ke ce, to matso kusa da rediyon. In ba ke ba ce, ki saurara saboda maƙwabciyarki, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

A garin Malam Madori, can bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasan nan ta layin Kano zuwa Nguru, akwai wani magidanci, mu kira shi Malam Habu. Da kaka yana sayen riɗi da zoɓo yana tarawa, da rani kuma yana noman shinkafa a fadamar Haɗeja. Matansa biyu. Uwargida Hajara, 'ya'yanta uku duk mata. Amarya Binta, wadda aka kawo daga wani ƙauye na wajen Auyo. Mahaifiyarsa, Inna, tana nan a sashenta cikin gidan.

Binta ta yi haihuwar fari, namiji, shi ne ɗa namiji na farko a gidan. Aka sa masa sunan marigayi mahaifin Malam Habu, ana kiransa Abba. Inna kuwa bakinta har kunne, tana cewa maigidanta ne ya dawo.

Har ya shekara babu wanda ya ga wani abu. Yaro kyakkyawa, ba ya ƙiwa, ba ya rigima. In an ajiye shi a tabarma sai ya yi ta kallon hasken da ke shigowa ta taga. Mata har suna ce wa Binta, "Ke kam kin yi dace, ɗanki ba ya hana ki aiki." Ya yi rarrafe a kan lokaci, ya yi tafiya a kan lokaci. Yana da shekara ɗaya da 'yan watanni ya fara cewa "Inna", in yana son ruwa kuma ya ce "wuwa". Sai wajen lokacin yaye, 'yan kalmomin nan suka ɗauke ɗif.

A kira shi, "Abba! Abba!", ko gezau. Ba ya waiwaye, ba ya kallon mutum a ido. In yana son abu ba ya nunawa da yatsa, sai dai ya kama hannunki ya ja ki har wurin, ya ɗora hannun naki a kan abin, kamar hannun ba na mutum ba ne. Yaran gida suna wasan 'yar tsana da langa, shi yana gefe yana jera murafun kwalba a layi. In wani ya taɓa ko guda ɗaya, ranar babu zaman lafiya. In mata sun zo barka ko gaisuwa, sai ya bi takalmansu ya jere su reras a bakin ƙofa. Yana tafiya a kan yatsun ƙafa, in ya ji daɗi ya yi ta kaɗa hannu kamar tsuntsu zai tashi. Tuwo yake ci gaya, in miya ta taɓa shi ya bar shi ke nan. Da dare ba ya barci sai tsakar dare ta wuce. Abin da ya fi so a duniya shi ne ruwa. Sai ya tsaya a gindin randa yana ɗiba da moɗa yana tsiyayarwa, yana kallon zubarsa, har randa ta ƙare.

Inna ta ce, "Yaron nan kurma ne." Sai Ummi, 'yar Hajara ta biyu, yarinya 'yar shekara tara, ta ce, "Inna, ba kurma ba ne. In na buɗe ledar biskit a ɗakinmu, daga tsakar gida yake jiyowa." Kuma gaskiyarta. In aka tada injin markaɗe a maƙwabta, kafin kowa ya ji shi ya ji, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu, wani lokaci har ya buga kansa da bango.

Binta kuwa, ku tuna ɗan fari ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in yana kuka sai ta kau da kai har wani ya ɗauko shi ya miƙa mata. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka aka yi mana mu ma. Sai dare ya yi, ta rufe ƙofa, ta zuba masa ido yana ta zagaye ɗaki, ta yi kukanta ita kaɗai.

To kun san halinmu, larura in ta shigo gida, kowa likita ne. Inna ta ce allurar rigakafin ƙyanda ce da aka yi masa, ita dama ba ta so ba. Wata maƙwabciya ta ce ai Binta ce ta yi wanka da magariba tana da ciki, mutanen ɓoye suka shafe shi. Wata tsohuwa ta dube shi yana wasa da ruwan randa, ta rage murya ta ce, "Anya wannan ba ɗan ruwa ba ne? A zamanin da, bakin kogi ake kai irinsu a ajiye, masu shi su zo su ɗauki abinsu." Dangin Binta kuwa da suka zo daga ƙauye, sai suka ja ta ɗaki suka ce, "Ke yarinya ce. Matar da ta haifi mata uku, kin zo kin haifi namiji, kina zaton za ta ƙyale ki?" Daga ranar Binta ta daina cin abincin Hajara, ta hana Ummi ɗaukar Abba. Gidan da ake ci a kwano ɗaya ya koma gaisuwa ma da ƙyar.

Malam Habu bai zauna ba. An kai yaro wurin mai hayaƙi, aka turara shi a rufaffen ɗaki har ya shiɗe. An kai shi wurin wani ya yi masa tsaga a goshi. An karɓo jiƙe-jiƙe kala-kala, ana danne shi ana ɗura masa. Riɗi buhu biyu ya tafi a haka. Abin da aka samu kawai, yaron da a da yake yarda babansa ya ɗauke shi, yanzu da ya hango shi da kofi a hannu sai ya ruga bayan randa.

Sai daminar 2022, shekarar nan da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Jigawa, ƙasar Haɗeja ta ji jiki ƙwarai. Kududdufan gari duk sun cika sun batse, har da ramukan da ake haƙar ƙasar gini. Abba yana da shekara uku da rabi. Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, almajirin gidan ya fita da shara ya bar ƙofar zaure a buɗe. Malam Habu tun asuba ya tafi duba gonarsa da ruwa ya shanye. Binta tana wanke-wanke, ta ɗaga kai ta dubi gindin randa, babu Abba. Ta duba ɗaki, ta duba bayan gida, ta leƙa rijiya gabanta na faɗuwa. Babu shi.

Ta zo bakin zaure ta tsaya, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Tun da aka kawo ta ba ta taɓa fita ba izini ba, ko lungunan unguwar ba ta sani ba. Kuma ko ta fita ta ƙwala kira, yaron ba ya amsawa. Ku riƙe wannan da kyau, 'yan'uwa: yaron da ba ya amsa kira, in ya ɓace, wanda ya san abin da yake so shi ke gano shi.

Hajara ce ta fizgi hijabi. Ta ce wa Ummi, "Ina ruwa mafi kusa da nan?" Ummi ta ce, "Kududdufin bayan gidan mai unguwa." Suka ruga. Suka same shi ruwa ya kai masa ƙirji, yana ɗiba da tafin hannu yana zubarwa, yana dariya, yana ƙara gaba. Taku biyu ya rage ya zurma rami. Hajara ta faɗa ruwan da zaninta ta cafko shi, yana ihu yana cizonta, ta saɓo shi a kafaɗa har tsakar gida, ta dire shi a gaban Binta. Matar da aka ce ita ta yi masa sammu ke nan.

Da dare Malam Habu ya dawo ya ji labari, jikinsa na rawa. Ya shiga ɗaki ya fito da igiya, ya ce daga yau a riƙa ɗaure yaron a gindin darbejiyar tsakar gida. Hajara ta durƙusa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri in yi magana. Akuya ake ɗaurewa a turke, wannan kuwa sunan mahaifinka gare shi. Mun kai shi wurin mai hayaƙi, mun kai shi wurin mai tsaga. Wuri ɗaya ne ba mu kai shi ba. Ka kai shi asibiti, kuma ka tafi da uwarsa, don ita ta san shi." Aka yi shiru. Can sai Inna ta ce, "Habu, ka ji maganar Hajara."

Daga asibitin gari aka tura su Babban Asibitin Haɗeja, daga can aka ba su takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Aka auna kunnen yaro, yana ji sarai. Aka shigar da su wurin wata likita. Duk tambayar da ta yi, Malam Habu ne ke amsawa: "Lafiyarsa ƙalau, taurin kai ne kawai." Sai likita ta ce, "Malam, tsakanin kai da ita, wa ke wuni da shi?" Ya ce ita ce. Ta ce, "To a bar ta ta yi magana." Binta ta sunkuyar da kai, ta fara da ƙyar, sai ga magana tana zuba: watan da ya daina cewa Inna, murafun kwalba, injin markaɗe, tuwo gaya, daren da ba ya barci. Malam Habu ya saki baki, rabin abin bai taɓa sani ba.

Bayan likita ta daɗe tana lura da yaron, ta gaya musu sunan larurar. Binta ta ce, "Likita, ni na ja masa?" Ta ce, "Ba ke ba ce, ba abokiyar zamanki ba ce, ba allura ba ce." Malam Habu ya ce, "Akwai magani?" Ta ce, "Babu ƙwaya ko allurar da ke cire shi. Amma akwai koyarwa, kuma babbar malamarsa ga ta nan zaune. Sai dai zan roƙe ki abu ɗaya a gaban maigidanki. Kunyar ɗan fari, ki ɗan sassauta ta. Yaron nan yana bukatar ya ga fuskarki, ya ji muryarki."

Bari mu ɗan ajiye labarin a nan, in yi muku bayanin larurar. Likitoci suna kiranta otizim. A rediyo da jaridun Hausa za ku ji ana cewa galahanga, sai dai mu a gida mun jibga wa wannan kalma kaya da yawa. Yaron da wuyansa bai tsaya ba, galahanga. Wanda sanƙarau ko shawarar jarirai ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, galahanga. Alhali kowace larura da hanyarta, shi ya sa sai likita ya duba kafin a yanke hukunci. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa, tun yana ciki. Yana taɓa yadda yake hulɗa da mutane, da magana, da yadda yake jin ƙara ko taɓi ko ɗanɗano, yana kuma sa shi son maimaita abu ɗaya. Gado yana da babban hannu a ciki. Ba hauka ba ne, ba a kuma ɗaukarsa kamar mura. An fi gano shi a yara maza, amma mata ma suna da shi. Kuma hawa-hawa ne: wani zai yi magana har ya yi karatu mai zurfi, wani zai bukaci mai kula da shi iya rayuwarsa.

Ba yau aka san shi ba. A shekarar 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu irin waɗannan halaye. Bayan nan an shafe shekaru a can ma ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin jan yaro a jiki ne ke kawo shi, har bincike ya rushe wannan magana. Saboda haka kada wata ta ce kunyar ɗan fari ce ta ja. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 a duniya yana da larurar. Kin ga ashe ba gidanku kaɗai ba ne. Tun 2007 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara don wayar da kai a kanta.

Maganar allura kuwa, ga asalinta. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a kan yara 12 yana danganta larurar da rigakafin da ya haɗa da na ƙyanda. Daga baya aka gano akwai maguɗi a aikin, a 2010 mujallar da ta buga ta janye shi, aka kuma hana shi aikin likita. A 2019 aka fitar da binciken yara fiye da 650,000 a ƙasar Denmak, ba a ga wata alaƙa ba. Abin da ke rikita mu shi ne lokaci: ana allurar ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15, alamomin otizim kuwa sun fi fitowa fili tsakanin shekara ɗaya da biyu, ko an yi allura ko ba a yi ba. Ƙyanda ita kuwa tana makantarwa, tana kurmantarwa, tana kisa. Kada ki hana ɗanki rigakafi.

Yaushe za ki nemi a duba yaro? In ya shekara ba ya waiwaye in an kira shi, ba ya gwalantu, ba ya ɗaga hannu ya yi bai-bai. In ya kai shekara ɗaya da rabi ba ya nuna miki abu da yatsa, ba shi da kalma ko ɗaya. In ya shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, kamar "ba ni" ko "Mama zo". In kuma ya fara magana ya daina, wannan kada a jira ko kaɗan. Alama ɗaya ba ta isa a ce otizim ne ba, wani kunne ne, wani jinkirin baki ne kawai. Amma kada a ce miki ai babansa ma bai yi magana da wuri ba, ki koma ki zauna. Ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ɗanyen icce ce, koyarwar da aka fara da wuri ta fi kamawa.

Yanzu ke da ke cikin gida, me za ki iya yi?

Na farko, tsare ransa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano kusan rabin yaran nan sukan yi ƙoƙarin sulalewa su fita, kuma nutsewa a ruwa tana cikin manyan abubuwan da ke halaka su. Mu kuwa a ƙasar Haɗeja ruwa a ƙofar gida yake: kogi, da fadama, da hanyoyin ban ruwa, da kududdufai. A sa sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa. A yi wa rijiya murfi mai kwaɗo. Kada a bar ruwa a baho ko duro a buɗe. A gaya wa almajiri da duk mai shiga da fita ya ja ƙofa. Maigida ya sanar da maƙwabta da masu shagon unguwa, in sun gan shi shi kaɗai su riƙe shi. Ki ɗinke lambar wayar babansa a jikin rigarsa. In ya ɓace, a fara duba wurin ruwa. Kuma tun yau ku yi magana da maigida, ya ba ki izinin fita a irin wannan rana, kada ki tsaya a bakin zaure kamar Binta.

Na biyu, ki shiga wasansa. Zauna a ƙasa, fuskarki daidai da tasa. Yana jera murafu, ke ma ɗauko naki ki jera. Ki riƙe guda ɗaya a kusa da fuskarki, ki jira. In ya dube ki ko ya miƙo hannu, ba shi nan take, ki nuna murna. Ki rage tsawon magana: "Ruwa." "Zo." "Zauna." Ki faɗa, ki nuna abin, ki ɗan yi shiru ki ba shi lokaci. Moɗa ta zama alamar sha, buta ta zama alamar bayan gida, takalmi ya zama alamar fita. Yaron da ya samu hanyar faɗin bukatarsa, ko da nuni ne, ihunsa yana raguwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da shirin koya wa iyaye irin wannan, kuma da wasa da aikin gida na yau da kullum ake yin sa.

Na uku, tsari. Wanka, da abinci, da barci su zama a lokaci ɗaya kullum. In za a yi baƙi ko tafiya, ki nuna masa tun kafin lokacin. In za a tada inji ko janareto, ki shigar da shi ɗaki. Sabon abinci a ajiye ɗan kaɗan a gefen wanda ya saba, yau da gobe, ban da ɗura.

Na huɗu, ban da duka, ban da ɗauri. In ya faɗi yana birgima, sau da yawa ba rashin kunya ba ne, abu ne ya fi ƙarfinsa, ko ƙara, ko ciwon da ba ya iya faɗa. Ki kawar da abin da zai ji masa rauni, ki rage hayaniya, ki jira ya sauko. Ki yi masa addu'a dare da rana, wannan babu mai hana ki. Amma duk wanda ya ce sai an doke shi, ko an turara shi, ko an sa masa mari, ɗauke ɗanki ki bar wurin. Kun tuna a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, har da yara. Iyayensu gyara suka kai su. Kuma tun Janairun 2019 akwai dokar ƙasa da ta hana nuna wa masu bukata ta musamman wariya. Irin yaron nan ba a tura shi almajiranci, ba a ɗora masa talla. In mace ce, a ninka sa ido, domin ba za ta iya faɗin abin da aka yi mata ba.

Na biyar, ranar asibiti ki je da kanki. In ba hali, ki rubuta abin da kike gani, da boko ko da ajami, ko a ɗauki yaron a waya yana yin abin da ke damunki, a nuna wa likita. Wasu yaran suna haɗawa da farfaɗiya, ko rashin barci, ko taurin bayan gida, waɗannan kuwa suna da magani. Mai cewa kawo kuɗi in warkar da shi cikin mako biyu, riɗinku yake so.

Kada kuma ki yanke ƙauna. Akwai wata Ba'amurkiya, Temple Grandin, an haife ta a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku. Ta zama farfesa a ilimin dabbobi, tsarin shingen shanu da ta zana ya bazu a ƙasarsu. Ba na ce kowane yaro zai zama haka ba. Amma kowane yaro yana iya ƙaruwa a kan inda yake.

Mu koma gidan Malam Habu. Igiyar nan ta koma wuyan akuya. An sa sakata, an rufe rijiya. Hajara ta karɓi girkin Binta na rana sau biyu a mako don ta samu barci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ummi ta zama mataimakiyar malama. Inna ta daina maganar allura, ita ce ma ke tara wa maigidan nata murafun kwalba.

Abba ya shekara shida bai warke ba, don ba ciwon warkewa ba ne. Har yanzu injin markaɗe yana sa shi kuka, har yanzu tuwonsa gaya ne. Amma yana da kalmomi wajen ashirin, yana ɗauko buta da kansa, yana zama a Islamiyyar unguwa na ɗan lokaci kusa da Ummi, malamin ya san halinsa ba ya ɗaga masa bulala. Wata yamma, Hajara da Inna suna zaune a tsakar gida, Binta tana tankaɗe, yaron yana gindin randa ya ba ta baya. Ta ajiye rariya, a gaban surukarta, ta ce a hankali, "Abba." Ya tsaya da tsiyayar ruwan. Ya waiwayo ya dube ta, ya miƙo mata moɗar. Inna ta yi kamar ba ta ji sunan ba, ta sa bakin mayafi ta share ido.

To 'yan'uwa, nan labarin ya tsaya. In akwai irin Abba a gidanki, yau da dare bayan maigida ya ci abinci ya huta, ki gaya masa abin da kika ji, ki roƙe shi a kai yaron a duba. In a maƙwabta yake, ki hana 'ya'yanki tsokanarsa, ki daina kiransa da sunan da uwarsa za ta ji ta yi kuka, ki aika mata da gaisuwa. Ɗa na kowa ne.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba masu jinya lafiya, ya ƙara wa iyaye mata haƙuri da lada.